Ja ta Dama, Kore ta Hagu: Kwanakin Hunturu a Taloka

Asabar

Kafinta ya kawo ginshiƙan da hantsi. 'Yan guntayen katako ne, kowanne tsayinsa santimita 10, kaurinsa 5 ta kowace fuska. Rabi za su sha jan fenti, rabi kore. Dokar da muka ɗauko ta World Robot Olympiad ce, gasar mutum-mutumi ta ɗalibai da aka fara a Singafo a 2004, kuma ɓangaren da muka zaɓa shi ne na motoci masu tuƙa kansu, wanda ake kira Future Engineers. Fili ne mai kusurwa huɗu, mita 3 kowane gefe, ƙasansa fari, katangarsa baƙa. 'Yar mota za ta zagaya shi sau uku, babu rimot a hannun kowa. In ta ga jan ginshiƙi ta bi ta dama, in ta ga kore ta bi ta hagu.

Gasar duniya ba ita ce a gabanmu ba tukuna. Akwai baje kolin makarantu da za a yi a Sakkwato, can muka nufa. Amma na fi son yaran su saba da doka ta gaske tun yanzu.

Kayanmu ba su da yawa: ƙaramar kwamfuta Raspberry Pi 4 da kyamararta, waɗanda wani tsohon ɗalibina da ke karatu a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya ba mu aro, sai gangar jikin motar wasa mai sitiyari, sai batura da aka ciro daga tsohuwar kwamfutar cinya. Yaran su huɗu ne. Akwai shugabar kulob, yarinya mai son lissafi wadda ba ta yarda da magana sai ta gwada. Akwai ɗan mai gyaran waya, wanda ya iya liƙa waya da dalma tun yana firamare. Akwai wani da ke zuwa da laka a ƙafa saboda ban ruwan albasa yake fara yi kafin ya taho. Sai autarsu, wadda ke riƙe da littafin da muke rubuta duk abin da muka canja.

Da muka kunna kyamarar suka ga fuskokinsu a allon kwamfuta, murna ta kaure. Na bari suka gama, sannan na rufe hoton na buɗe musu abin da ke ƙarƙashinsa. Lambobi ne zalla. Hoton yana da ɗigo 640 a kwance, 480 a tsaye, jimla 307,200, kuma kowane ɗigo lambobi uku ne tsakanin 0 da 255: yawan ja, yawan kore, yawan shuɗi. Autar ta ce, "Malam, to ina ginshiƙin ya shiga?" Na ce mata ginshiƙin yana wajenmu ne kawai. Motar ba ta san katako ba, ba ta san fenti ba. Aikinmu shi ne mu gaya mata waɗanne lambobi za ta kira ja.

Lahadi

Kasuwar Goronyo. Mun sayo fenti marar ƙyalli, domin mai ƙyalli yana mayar da haske kamar madubi, sai tef na tela da baƙin yadi. Buhunan albasa jibge ko'ina, motocin da za su kai ta kudu suna lodi. Mun dawo da wuri, kamar yadda kowa ke yi a wannan hanya a shekarun nan.

Litinin

Yau muka bar ja, kore da shuɗi muka koma wata hanyar auna launi. Matsalar hanya ta farko ita ce, inuwa na faɗawa kan ginshiƙi sai lambobin uku su sauka tare, ka rasa inda za ka kafa iyaka. Hanya ta biyu tana raba abin gida uku dabam: wane launi ne, yaya kaurinsa, yaya haskensa. A manhajar OpenCV, wadda aka fara a kamfanin Intel kuma kowa ke iya ɗaukarta kyauta, launuka suna kan zobe ne daga 0 zuwa 179. Kore yana wajen 60, shuɗi wajen 120. Ja kuwa ya zauna daidai inda zoben ya haɗe, rabinsa a farko, rabinsa a ƙarshe, don haka sai an ba shi ƙofa biyu: daga 0 zuwa kamar 10, da kuma daga kamar 170 zuwa 179.

Ɗan mai gyaran waya ya yi 'yan maɓallan ja-ka-tura a allo, suna matsar da iyakokin suna kallo. Duk ɗigon da ya faɗa cikin iyaka ya zama fari, saura baƙi. Kafin azahar ginshiƙin ya fito fari tas a cikin duhu, an zagaye shi da akwati, akwatin na bin sa duk inda aka kai shi. Autar ta rubuta lambobin a littafi, ta ja musu layi biyu. Sun tafi gida suna ganin an gama.

Talata

Darussa sun hana mu haɗuwa da safe, sai bayan azahar. Lambobin jiya, ginshiƙan jiya, ɗakin jiya, amma motar ta makance. Jan ginshiƙi ya rarrabu gutsi-gutsi a allo, koren kuma wani lokaci ya ɓace gaba ɗaya. Ɗan mai gyaran waya ya fara zargin kyamara, ya cire igiyarta ya hure ta ya mayar. Shugabar ta yi shiru tana duban taga, can ta ce, "Malam, jiya da hazo munka yi aiki. Yau rana ta fito."

Wannan ita ce maganar da nake jira wani ya faɗa da bakinsa. Jiya ƙurar hunturu ta rufe sama, haske ya shigo a baje, fari-fari, babu inuwa mai kaifi. Yau iska ta kwanta, rana ta karkata yamma ta shigo ta taga kai tsaye, ta haske gefe ɗaya na ginshiƙin har ya koma ruwan hoda, ɗaya gefen ya yi duhu kamar hanta. Idon ɗan Adam yana gyara wannan ba tare da mai shi ya sani ba. Jar hula ja ce a wajenmu da asuba, ja ce da la'asar, saboda ƙwaƙwalwa ta san hular kuma ta san hasken. Kyamara ba ta san ko ɗaya ba.

Akwai abu na biyu, wanda ya fi ɓuya. Kyamarar tana ƙoƙarin taimakon kanta. In ta fuskanci farin fili sai ta rage lokacin da take buɗe ido don kada haske ya yi yawa, ginshiƙi ya yi duhu. In ta juya ga baƙar katanga sai ta ƙara, jan ya koɗe. Haka kuma tana ta sake shawara kan abin da za ta ɗauka a matsayin fari, kuma duk lokacin da ta sake, sauran launuka sai su gusa. Wannan dabara tana da kyau ga mai ɗaukar hoton biki. Ga mota mai neman lamba tsayayya, masifa ce. Muka kashe duka biyun, muka kafa su da hannu, muka rataya baƙin yadin a tagar yamma.

Na daɗe ina karanta bayanan da ƙungiyoyin ɗalibai na Turai da Asiya ke rubutawa kan wannan aiki. Yawancinsu a ɗaki mai fitila tsayayya suke atisaye, hasken safe da na dare duk ɗaya, sai ranar gasa su shiga wani zaure su sha mamaki. Mu a nan haske yana canja mana sau da yawa a wuni guda, daga hazo zuwa rana tsaka zuwa fitilar sola. Ban ɗauki wannan a matsayin rashi ba ko kaɗan. Yaron da ya koya wa kyamara ganin ja a Taloka cikin hunturu ya riga ya gamu da mafi wuyar abin da ke cikin sana'ar, kuma ya gamu da shi a makon farko.

Autar ta ƙara gurbi a littafinta. Daga yau duk lambar da aka rubuta sai an rubuta lokaci da yanayin sama a gefenta.

Laraba

Mai ban ruwa ya zo mini da 'yar albasa a leda, kyautar mahaifinsa, ya ajiye a bakin fili. Motar ta bar ginshiƙi ta nufi ledar. Jar albasar fadamar Rima, irin wadda ake nomawa daga Goronyo har Wurno, launinta yana can ƙarshen zoben, inda ja ke gangarawa zuwa shunayya, kuma ƙofarmu ta biyu a buɗe take gare ta. Da muka duba da kyau sai muka ga ba ita kaɗai ba ce. Katangar maƙwabta da aka shafe da makuba tana leƙowa ta ƙofa, tana shiga ta ƙofar farko. Jan hijabin wata ɗaliba da ta tsaya kallo shi ma ya samu akwatinsa.

Launi kaɗai bai isa shaida ba ke nan. Muka ƙara sharuɗɗa. Na farko, a yanke saman hoton a zubar, domin duk abin da ya wuce katangar fili ba ruwan mota da shi. Na biyu, ƙananan ɗige-ɗige a share su. Na uku, siffa: ginshiƙi tsayinsa ya ninka faɗinsa, albasa kuwa kewayayya ce. Da muka sa sharaɗin ninki biyu daidai, sai motar ta riƙa ƙin ginshiƙin gaske in ta zo masa ta kusurwa. Shugabar ta ɗauki alli ta zana murabba'i mai gefe 5, ta ja layi daga kusurwa zuwa kusurwa, ta fitar da 7 da ɗan ɗoriya da lissafin Pythagoras da suka yi a aji. In an kalli ginshiƙin ta kusurwa, faɗinsa yana kaiwa santimita 7, don haka rabon tsayi da faɗi yana sauka har wajen 1.4. Ban taɓa ganin fuskarta haka a darasin lissafi ba.

Da ya rage sauran lokaci, na rufe tagogi da ƙofa, na bar ƙaramin rami a yadin. Bishiyar darbejiyar da ke waje ta bayyana a bango, kanta a ƙasa. Na ba su labarin Ibn al-Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen 965, ya rubuta Kitab al-Manazir a Alƙahira, ya tabbatar da gwaji cewa haske ne ke tasowa daga abu ya shiga ido a miƙe. Daga wannan miƙewar ake samun nisa. Abin da ya ninka nisansa, girmansa a hoto yana raguwa da rabi. Muka auna da tef ɗin tela: a rabin mita ginshiƙin ya ci ɗigo wajen 100 a tsaye, a mita guda wajen 50. Yanzu motar tana iya sanin wanda ya fi kusa cikin ginshiƙai biyu, ta fara da shi.

Alhamis

Gani ya samu, saura tuƙi, kuma yau ce ranar da ta fi ba mu wuya.

Tsarin a baki mai sauƙi ne. In ginshiƙin ja ne, muna so ya zauna a gefen hagu na hoton, domin motar ta wuce ta damansa. In kore ne, akasin haka. A kowane hoto ana auna tazarar da ke tsakanin inda ginshiƙin yake da inda muke so ya kasance, a ninka ta da wata lamba, abin da ya fito shi ne yawan karkatar sitiyari. Tazara babba, karkata babba.

Da muka sake ta sai ta riƙa tangaɗi, dama, hagu, dama, kowane karo ya fi na baya faɗi, har ta daki katanga. Muka rage lambar, ta daina tangaɗi amma ta yi nawa, ta tunkuɗe ginshiƙi. Muka ƙara, tangaɗi ya dawo. Gardama ta tashi tsakanin yaran, wasu na cewa taya, wasu na cewa sitiyari. Mai ban ruwa, wanda ba ya yawan magana, ya ce, "Malam, awa sabon mai tuƙin kwale-kwale take yi. Shi kan soka filafili, jirgi bai juya nan take ba, sai shi ƙara, kahin jirgi shi amsa ya riga ya wuce." Ya tsallaka Rima ba adadi, ya san abin da yake faɗa, kuma shi ne daidai. Cutar jinkiri ce.

Muka bi jinkirin gaɓa-gaɓa. Kyamara na ɗaukar hoto 30 a daƙiƙa, tsakanin kowane biyu akwai kusan kashi 33 cikin 1,000 na daƙiƙa. Kwamfuta na cin nata lokacin wajen tace ɗigo 307,200. Hoton da muke turawa kwamfutar cinya don mu yi kallo shi ma yana cin nasa. Mafi muni, in kwamfutar ta gaza bin kyamara sai hotuna su yi layi suna jira, motar ta riƙa yanke hukunci da hoton da ya tsufa. Na sa suka yi lissafin a allo: motar da ke cin mita guda a daƙiƙa, in ta makara da kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa, ta yi tafiyar santimita 20 a makance, faɗin ginshiƙi huɗu ke nan.

Maganin bai buƙaci sayen komai ba. Muka rage hoton zuwa 320 da 240, ɗigo 76,800, rubu'in na da, kuma ginshiƙi bai ɓace ba. Muka daina tura hoton kallo yayin gudu. Muka umarce ta ta zubar da duk tsohon hoto ta ɗauki na ƙarshe kaɗai. Sannan muka ƙara mata abin da gwanin kwale-kwale ke yi da hannunsa: ta riƙa duba saurin da tazarar ke raguwa, in tana raguwa da sauri ta fara sassauta sitiyari tun kafin ta isa. Gab da tashi ta kewaye jan ginshiƙi a natse, ta miƙe.

Juma'a

Ba aiki. Na yi sallar Juma'a a Wurno, garin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ribaɗinsa kuma aka binne shi a 1837. A littafinsa Usul al-Siyasa, wanda ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya sa kula da masu sana'a da yaɗa su a garuruwa cikin haƙƙoƙin da ke kan shugaba. Ina tuna wannan duk lokacin da wani ya ce mini wasan yara muke yi.

Da yamma na je gaida mahaifin shugabar kulob kan maganar tafiya Sakkwato. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malam, karatu ba ni hana shi. Hanya nika tsoro. Ɗiyag ga amana ta a hannunka." Na ce, "Baba, da hantsi za mu tashi, tare da malama mace, kuma ba za mu kama hanya bayan la'asar ba ko da ba a gama ba." Ya tambayi abin da motar ke yi. Da na ce tana rarrabe launi da siffa, sai ya ce ko za ta iya ware masa manyan albasa daga ƙanana da ruɓaɓɓu. Na ce masa a manyan gonakin duniya injuna masu kyamara ne ke wannan aikin, kuma tushen ɗaya ne da abin da ɗiyarsa ke rubutawa. Ya ce Allah shi yi albarka.

Asabar

Ɗan mai gyaran waya ya zo da bidiyo a wayar babansa: manyan na'urorin gasar FIRST ta Amurka suna harba ƙwallo cikin raga daga nesa ba kuskure. Ya ce me ya sa mu muke wahala da fenti?

Tambaya ce mai kyau. Shekaru da dama ɗaliban can sun riƙa haska koriyar fitila kan wani tef mai mayar da haske, su dusashe kyamara har ba ta ganin komai sai tef ɗin. Daga 2023 gasar ta koma ga AprilTag, wata alama baƙi da fari mai kusurwa huɗu da Edwin Olson ya fitar a Jami'ar Michigan a 2011. Kowace alama tana ɗauke da lambarta. A jerin da aka fi amfani da shi akwai alamomi 587, an tsara su yadda ba za a ɗauki wata a matsayin wata ba ko an juya ta. Kyamara na gano kusurwoyinta huɗu, kuma tunda an san girmanta, daga nan sai a fitar da nisa da karkata gaba ɗaya. Baƙi da fari ba su damu da hazo ko la'asar ba kamar yadda ja ke damuwa.

Dokarmu ba ta manna alama a jikin ginshiƙi ba, don haka ba mafita ba ce a gare mu. Ko da ta manna, da fenti zan sa su fara. Alamar tana ba da amsa a shirye, yaro ya karɓa bai san inda ta fito ba. Launi kuwa sai ya tilasta maka ka fahimci haske, da lokaci, da siffa. Duk da haka mun buga guda biyu a takarda muka liƙa a bango, suka gwada nisan da take bayarwa da na tef ɗin tela.

Na kuma gaya wa 'yan matan cewa a gasar FIRST Global ta farko, a Washington a Yulin 2017, aikin shi ne rarrabe shuɗɗan ƙwallaye daga masu ruwan lemo, kuma cikin waɗanda suka je har da 'yan mata daga Herat ta Afganistan, waɗanda aka hana biza har sau biyu kafin a bar su su shiga. Autar ta tambayi shekarunsu. Na ce sa'o'in yayarta ne.

Lahadi

Kwamfutar ta riƙa mutuwa tana tashi duk lokacin da motar ta yunƙura. Injin taya ne ke zuƙe wuta, ita kuwa Raspberry Pi 4 tana son bolt 5 tsayayye. Ɗan mai gyaran waya ya raba musu batir, kowa da nasa, ya haɗa wayar ƙasarsu wuri ɗaya. Ta daina.

Litinin

Na ɗauke su daga ɗakin da suka saba, ban sanar da su ba. Muka shimfiɗa filin a babban zauren makaranta, mai rufin kwano da tagogi ta gabas, hasken da kyamarar ba ta taɓa gani ba. Na ce ba zan taɓa kwamfuta ba.

Autar ta buɗe littafi ta karanto matakan da suka tsara da kansu. Aka nuna wa kyamara farar takarda aka kafa farinta. Aka kafa lokacin buɗe idonta. Aka kai jan ginshiƙi kusurwa mafi haske da mafi duhu, aka buɗa iyakoki daidai yadda za su ɗauki duka biyun ba tare da ƙari ba, aka yi wa kore haka. Mai ban ruwa ya zagaya filin yana kwashe duk wani abu ja. Shugabar ta sa shi ya ajiye albasa guda a tsakiyar hanya da gangan, ta tabbatar akwati bai hau kanta ba, sannan ta danna maɓalli.

Motar ta yi zagaye uku. A na biyu ta goga koren ginshiƙi da tayar baya, ya motsa kaɗan bai faɗi ba. Dalilin a fili yake: da zarar ginshiƙi ya fita daga idon kyamara sai ta ɗauka ta wuce shi, alhali gindinta bai wuce ba. Sun yanke shawarar ta riƙe sitiyarinta na ɗan lokaci bayan ginshiƙi ya ɓace, kuma za su auna lokacin da tsawon motar da saurinta.

Saura fakin. Dokar ta ce bayan zagaye na uku motar ta shiga tsakanin wasu katakai biyu masu launin majenta ta tsaya. Majenta a kan zoben maƙwabcin ja ne ta ɓangaren shunayya, kusa da inda albasa ta shigo mana. Dole a matse ƙofar ja ta biyu, a buɗe sabuwa a gefenta, kuma kada ɗaya ta ci iyakar ɗaya ko haske ya canja. Na aika wa kafinta awon katakan, ya ce jibi. Fentin ne babu a kusa, sai wanda za shi Sakkwato ya sayo mana.